Kwana Biyun Babakura a Bakin Binuwai

Duk wanda ya taɓa kai iyalinsa gidan hutun nan da ke gaɓar Binuwai, gaba da Jimeta kaɗan, ya san Babakura ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai tsagar Barebari, wanda ke zama a gindin giginya kusa da kwale-kwale biyu masu shuɗin fenti. Yaran baƙi Baba Mai Jirgi suke ce masa. Ba shi da yawan magana, amma in ya ɗaura wa yaro rigar ruwa ya ce masa zauna nan, yaron ba ya motsi sai an dawo gaɓa.

Mutumin Baga ne. A bakin tafkin Cadi aka haife shi, a can ya yi wayo, kuma kafin ya iya karanta Fatiha ya iya riƙe filafili. Mahaifinsa masunci ne, kakansa ma haka. Shi kuwa da ya kawo ƙarfi sai ya haɗa kamun kifi da banda: ya kama tarwaɗa da kansa, matarsa Falmata ta kyafe, 'yan kasuwa su zo su kwashe a kwali su yi Kudu da ita. Ba su yi arziki ba, amma tukunyarsu ba ta taɓa kwana a kife ba. Allah ya ba su 'ya'ya uku: Mustafa, sai Khadijah bayan dogon jira, sai auta Basma.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga Baga, a farkon shekarar 2015, Babakura yana kan ruwa tun asuba yana ɗaga tarkunan da ya kafa. Daga can ya ji ƙarar, ya ga hayaƙi ya tashi ta wajen gari. Ya juya jirgi zai koma, sai ya ci karo da jirage cike da mutane suna tahowa, kowa yana ɗaga masa hannu yana cewa kada ya je. Kwana uku ya yi a wani tsibiri cikin ciyayi, shi da mutanen da bai sani ba, sauro yana cin su. Daga nan aka tsallakar da su ɓangaren Cadi.

Abin da ya faru a gida sai daga baya ya ji. Falmata ta goyi Basma, ta ja hannun Khadijah, suka bi ayarin masu gudu ta daji. Mustafa, wanda lokacin yake da shekara goma sha bakwai, ya raka su har suka yi nisa da gari. Da ya ga sun shiga cikin jama'a sai ya tsaya ya ce, “Bari in koma bakin ruwa in gaya wa Baba hanyar da kuka bi.” Ta ce masa maza ya je ya dawo. Tun daga ranar ba wanda ya sake sa shi a ido.

Babakura ya yi watanni a sansanin gudun hijira, zaman da ya ce ya fi masa ciwo zafi, domin mutum ya tashi da safe ba shi da abin yi sai bin layi. Ya bi wasu fataken kifi zuwa Garwa, daga can ya shigo Yola a bayan babbar mota. Wani mai sayar da huluna ɗan Bama ne ya ba shi wurin kwana a zauren gidansu a Limawa. Da rana ya sauka bakin gada ya yi dakon kifi, da yamma ya tafi tashar Jambutu ya tsaya inda motocin Maiduguri ke sauke fasinja, yana tambayar duk direban da ya ga fuskarsa da sauƙi. Wata goma sha huɗu yana wannan sintiri kafin wani direba ya dawo masa da lambar waya a bayan takardar magani. Da ya kira, ya ji muryar Falmata, sai ya zauna a ƙasa cikin tashar. Kafin ya gama sallama ta ce, “Mustafa yana wurinka?”

Mutane sukan tambaye shi me ya sa bai ɗauko iyalinsa ba, ko shi bai koma can ba. Ya gwada duka biyun. Ya je Maiduguri ya yi wata uku, ya rasa abin da hannunsa zai kama, domin shi ban da ruwa bai san komai ba. Falmata kuwa ta ce ba za ta ɗaga daga inda take ba. Ta ba da sunan Mustafa ga masu neman waɗanda suka ɓata, ta gaya wa duk wani ɗan Baga unguwar da take, kuma a ganinta ranar da yaron zai fito, Maiduguri zai nufa. “Ya zo ya tarar ba kowa?” in ji ta. Haka suka zauna, shi a nan, su a can. Yana zuwa da ƙaramar Sallah, yana zuwa da babba, ya yi kwana huɗu ko biyar ya juyo.

Aikin gidan hutu Madam Hilda ce ta ba shi. 'Yar Numan ce, gajeriya mai kaifin ido, ita ke riƙe da wurin. Wata rana ta zo bakin gada sayen kifi, sai igiyar wani jirgi ta tsinke, ruwa ya fara jansa da wata tsohuwa a ciki. Babakura ya ajiye kwandon da ke kansa, ya faɗa wani kwale-kwale, ya tare jirgin kafin ya kai ƙafar gada, ya dawo da tsohuwar ko zanenta bai jiƙe ba. Madam Hilda ta bar mai kifi tsaye, ta zo ta ce masa, “Baba, kana son aiki?”

Tsarin gidan ya daɗe yana ba shi mamaki. Maigida zai biya sau ɗaya tun kafin ya zo, a ɗaura wa kowa a iyalinsa awarwaron roba a wuyan hannu, shi ke nan, ba mai sake sa hannu a aljihu. Ɗaki, abinci sau uku, lemo, wurin iyo, lilon yara, yawo a jirgi, duk a ciki. Lokacin Kirsimeti da Ista da hutun Sallah wurin yakan cika maƙil: ma'aikatan gwamnati, malaman jami'a, 'yan kasuwa, da waɗanda suka zo daga Abuja ganin gida.

Daga gindin giginyarsa yake kallon yadda kwanakinsu ke tafiya. Rana ta farko kowa rawar jiki yake. Yara su shiga ruwa tun kafin a sauke jakunkuna, iyaye mata su zagaye wurin suna ɗaukar hoto, a ɗakin cin abinci a cika faranti har ya zube saboda ido ya fi ciki yunwa. Rana ta biyu jiki ya mutu. Maza su miƙe a kujerun da ke ƙarƙashin rumfa su yi ta barci baki buɗe, mata su haɗa kai suna hira ana yi wa juna kitso, kaka tana gefe da casbi ko littafin addu'a tana gadin takalman jikoki. A ranar ce ake faɗa, a kan wa ya ɓatar da mabuɗi, ko wa ya bar yaro ya sha sanyi har ya fara tari. Rana ta uku kuma sai a shirya, a shiga jirgi gaba ɗaya, a yi waƙa, a ce kai, kwanakin nan ba su da tsawo.

Ba abincin ne ke tsaya masa a rai ba, ba kuma ɗakunan masu sanyi ba. Abin da yake kallo shi ne yadda mutum zai zauna da matarsa da 'ya'yansa wuni guda cur, ba inda za shi, ba wanda zai tafi. Wani uban ma har gundura yake yi. Akwai wani Mista Othniel, babban ma'aikaci a sakatariya, da ke kawo iyalinsa kowace Disamba. Wata shekara suna tsakiyar kogi, ɗansa saurayi yana ta nuna masa wasu tsuntsaye da suka yi layi a kan yashi, shi kuwa kansa na kan waya. Sau uku yaron yana cewa Dadi duba. Babakura, wanda bai taɓa sa baki a harkar baƙo ba, sai ya ji bakinsa ya riga shi.

“Oga, wayar nan za ka same ta a gaɓa. Dubi abin da yake nuna maka.”

Mista Othniel ya ɗago ya dube shi kamar zai yi faɗa. Sai kuma ya sa wayar a aljihu. Da suka sauka ya tsaya a baya ya tambaye shi ko yana da 'ya'ya. Babakura ya ce uku. Bai ƙara komai ba, shi ma bai tambaya ba, amma tun daga shekarar duk zuwansa sai ya sauko gindin giginya sun gaisa hannu biyu.

A shekararsa ta bakwai a wurin, farkon damina, lokacin da baƙi ke ɗaukewa, Madam Hilda ta tara tsofaffin ma'aikata. Ta ce mai wurin ya yarda duk wanda ya daɗe yana aiki ya kawo iyalinsa su yi kwana biyu kamar kowane baƙo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da takarda. Da ta zo kansa ta ce, “Baba, mutum nawa?”

“Biyar,” in ji shi. Sai da ta wuce ya ji abin da ya faɗa, kuma kunya ta hana shi bin ta ya gyara.

Shawo kan Falmata ya ɗauki mako uku. Ta ce wa zai zauna a gida. Ya ce maƙwabciyarta tana nan, kuma kwana biyu ne, ba ƙaura ba. Ta ce ita ba ta san hutu ba, me ake yi a cikinsa. A ƙarshe Basma ce ta yi ta kuka har uwar ta gaji ta ce to.

Suka iso Jambutu da la'asar, bayan wuni guda a mota da shingayen sojoji ba iyaka. Khadijah ta zama budurwa 'yar shekara goma sha shida, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙon uba. Basma kuwa tun a cikin keke take tambaya ko gaskiya ne kome mutum ya ci ba a hana shi.

A wurin karɓar baƙi yarinyar da ke aiki ta ɗaura musu awarwaro ɗaya bayan ɗaya. Na biyar ya rage a hannunta, ta leƙa bayansu.

“Ina ɗayan?”

Falmata ta miƙa hannu ta karɓa.

“Yana hanya,” ta ce, ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

Falmata ba ta iya zaman baƙunci ba. Da gari ya waye, kafin masu shara su zo, ta riga ta kakkaɓe ɗakin, ta ninke barguna, tana neman tsintsiya. A ɗakin cin abinci ta tsaya gaban tukwanen da aka jera, shinkafa kala biyu, tuwo, miyar kuka, farfesun kifi, soyayyen dankali, ta ɗebi ɗan kaɗan kamar mai tsoron a gan ta. Da suka gama ta tattara farantan za ta kai wurin wanki. Nicodemus, shugaban masu girki, wanda ya shekara bakwai yana ajiye wa Babakura kan kifi, ya fito da gudu ya tare ta.

“Haba Mama! Ka zauna. Yau kai ne oga, mu ne masu aiki.”

“To in zauna in yi me?” ta tambaye shi, da gaske take.

“Ka huta.”

Ta koma ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya tana kallonsu kamar ba nata ba.

Basma ba ta sha wannan wahalar ba. Kafin azahar ta sha askirim sau uku, ta hau lilo har kanta ya juya, ta yi ƙawa da 'yar mai gadi. Amma da suka zo wurin iyo sai ta toge a bakin matakala, ta riƙe ƙarfe. Babakura ya ce ta shiga, ruwan ko ƙirjinta bai kai ba. Ta girgiza kai. Ya juya ga Khadijah, ita ma ta sunkuyar da kai ta ce ba ta iya ba. Jikokin masunta, waɗanda aka yanke wa cibiya a bakin tafki, ba su san yadda ake shiga ruwa ba. Shi kuwa 'ya'yan mutane nawa ya koya wa a wannan wurin?

Ya naɗe wandonsa ya shiga da rigarsa. Ya tallabi cikin Basma da tafin hannu ɗaya, ya ce ta saki jiki, ruwa ba ya son mai taurin kai. Ta sha ruwa, ta yi tari, ta ƙanƙame masa wuya, ta sake gwadawa. Wajen la'asar ta yi taku huɗu ita kaɗai ba hannunsa, ta fito tana ihu tana kiran uwarta ta zo ta gani. Falmata tana zaune a ƙarƙashin rumfa, ta juya wa kogi baya tun safe. Ta ce ta gani.

Rana ta biyu ya ce su zo ya zagaya da su. Falmata ta ce su je, ita tana nan. Bai matsa ba. Ya ɗaura wa 'yan matan rigar ruwa, ya zaunar da su, ya tsaya yana gyaran igiya da ba ta bukatar gyara. Can sai ga ta tana saukowa a hankali, tana riƙe da gefen zanenta. Ba ta karɓi hannun da ya miƙa mata ba. Ta taka jirgin ta tsakiya, ta zauna daidai inda nauyi ke daidaita, kamar jiya ta sauka daga irinsa.

Ruwan ya fara dawowa, ja-ja, yana ɗauke da ganyaye. Ya bi da su gefen yashi, inda masu wanki ke shanya, ya nuna musu gadar Jimeta daga nesa da motoci a kanta kamar tururuwa. 'Yan matan suna gaba suna tsoma yatsu a ruwa. Sai da suka yi nisa, hayaniyar gaɓa ta ɗauke, sannan Falmata ta yi magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, ba tare da ta dube shi ba.

“Ni na ce masa ya je. Da na riƙe hannunsa, da ya bi ni.”

Shekara tara ba su taɓa taɓa wannan maganar ba. A Maiduguri kullum ɗaki cike yake da 'yan gaisuwa, kuma kafin a zauna an fara shirin komawa. Babakura ya ɗaga filafilin ya ɗora a gwiwa, ya bar ruwa yana jan su.

“Ni ya koma nema, Falmata. Da na zauna a gida ranar, da ba inda za shi. Kullum da wannan nake tashi.”

“Ban taɓa ganin laifinka ba.”

“Ni ma ban taɓa ganin naki ba.”

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya bar ta. Khadijah ta waiwayo ta gan su, ta yi saurin mayar da kanta gaba, ta jawo hankalin ƙanwarta ga wani masunci mai jefa birgi. Bayan ɗan lokaci ta sake juyowa, murya a ƙasa ta ce, “Baba, in gwada?”

Ya miƙa mata filafilin. Ta kafa shi a ruwa da ƙarfi ta gefe ɗaya, jirgin ya juya kamar faifai. Ta sake, ya sake juyawa. Basma tana ihu tana cewa za a kai su Kamaru. Sai ga Falmata, ido jiƙe, ta fashe da dariya har tana riƙe gefen jirgi.

“'Yar masunci! Kawo nan, kada ki ba mu kunya.”

Ta karɓa, ta yi bugu biyu, jirgin ya miƙe. Ita ta tuƙa su har gaɓa, Babakura yana zaune hannu sake a jirginsa, karo na farko tun da ya fara aikin.

Washegari da sassafe ya raka su tasha. Nicodemus ya cika musu leda da soyayyen kifi da burodi. Basma ta ƙi yarda a yanke mata awarwaronta. Kafin mota ta tashi ya leƙa ta taga ya ce wa Falmata, ba yau ba, amma ta yi tunani, Yola ma gari ne. Ta ce ta ji.

Bayan tafiyarsu Khadijah ta fara kiransa da kanta duk Juma'a, ba sai uwarta ta miƙa mata waya ba. A irin wannan kiran ne ta gaya masa tana son karatun jinya, kuma a Yola take so ta yi. Sai ya shiga neman gida. Ya samu wani a Damilu, ciki biyu da ɗan tsakar gida, da rijiya, da bishiyar mangwaro a bayan katanga. Ya kwashe tabarmarsa da buhun kayansa daga Limawa ya koma ɗaki ɗaya, ya bar ɗayan a rufe. Da ya kira Falmata ya zayyana mata komai, har da inda rana ke faɗowa da safe. Ta saurara har ya gama.

“Ƙofar tana bakin titi, ko cikin lungu?”

“Bakin titi. Kusa da masallaci.”

“In mutum ya zo nema, zai gane gidan?”

Ya ce zai gane. Ya ce zai bar kwatance wurin maƙwabciyarta, da wurin direbobin Jambutu, da wurin duk ɗan Baga da ya sani a garuruwan biyu. Ta ce to, a bari damina ta wuce.

Damina ta wuce, ta ce a bari a ga bayan Sallah. Babakura ya sayi tabarma sabuwa da randa ya sa a ɗakin da ke rufe, kuma duk ranar da ba ya aiki yakan buɗe shi ya share, ya bar taga a buɗe har la'asar don iska ta shiga.